Malam Marke Su Tara

Sabon Marke, ta Burumburum
Ranar Asabar

Zuwa ga 'yata Badiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma aiki. Mu nan jiki lafiya, zuciya ce dai babu lafiya.

Bana shekara hamsin da ɗaya ke nan da ruwan Tiga ya rufe Marken Ɗantani, garin da aka haife ni, aka haifi ƙanena marigayi Nazifi, ubanki. Tun ranar da muka fito da awaki a gaba, ƙyauren ɗakuna a ka, ban sake ganin abin da ya kashe min gwiwa ba sai wannan makon.

Kin san ba na magana a waya. Abin da aka faɗa a waya, gobe sai mutum ya ce bai faɗa ba. Innarki Kulsumu ce ke rubutawa da bokonta na yaƙi da jahilci, ni ina faɗa. In kin ga layi ya karkace, ba ni ba ne. Mas'ud direba zai miƙo miki daga Kwanar Dangora.

Ranar Talata Abdulhadi, akawun ofishin noman rani na Tudun Wada, ya zo ya liƙa takarda a bangon masallaci. Wai a cikin filayen rani tara na gidajen da suka taso daga tsohon gari, takwas ba su da mai su. An kulle bakin magudanar ruwansu da kwaɗo. Nan da kwana goma sha tara, ranar Alhamis, za a raba su ga masu nema. Har da filin Ummanki Maimuna. Irin albasarta ya isa dashe, tana ta jido ruwa a bokiti daga bakin tafki, mace mai shekara sittin da wani abu. Ta hana a gaya miki. Ni ban yi mata alkawari ba.

Na je ofishin da ƙafata. Na ce, "Abdulhadi, wa ya mutu ba mu sani ba?" Ya ce, "Baba, wallahi wannan kwamfutar ta gabana ba ta san komai ba. Babbar tana Kano, abin da ta aiko nake karantawa." Na ce, "To kai mene ne aikinka, ladanci?" Ya juyo min fuskarta ya ce, "Ga shi. Mutum ɗaya ne, sunansa Malam Marke, kuma mutum ɗaya fili ɗaya yake samu."

Ke yarinya ce lokacin, bari in gaya miki inda wannan suna ya fito. Shekarar da aka yi kusufin rana, har kaji suka shiga akurki da hantsi, aka kawo kwamfuta ta farko aka ce a zo a rubuta filaye. Mu maza duk muna can ƙetaren ruwa wajen kamun kifi. Mata ne suka je. Akawun lokacin ya tambayi kowacce sunan mijinta. To wace mace ce a garinmu za ta buɗe baki ta faɗi sunan mijinta a gaban baƙo? Kowacce ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam." Ya gaji, ya rubuta Malam, ya ƙara sunan gari. Ya tambayi shekaru, suka ce Allah ne ya sani, ya ba mu ranar haihuwa ɗaya dukanmu. Muka zama Malam Marke su tara. Amma ai mun gyara wannan tun zamanin akawu Sharif, ni da kaina na zauna aka gyara.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne, filin da aka bari ɗin nan guda ɗaya, nawa ne. Innarki ce ta farko a layi waccan ranar. Jiya Zulaihat, matar marigayi mai jirgin fito, ta wuce ta ƙofar gidana tana cewa, "Ɗan Mai Unguwa ne, ai ba abin mamaki. Uban ya sallama gari, ɗan ya sallama filaye." Da ƙarfi ta faɗa, don in ji.

An ce kamfaninku ne ya kawo wannan sabon abu. Ki shiga wajen babbar ki gaya mata mu tara ne. Ki gaya mata ni na ce.

Ki gaida maigidan naki. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne,
Baffanki

(Badiyya, ni ce Innarki. Layin da ya karkace shi ne yake ture min hannu in zai nuna ƙarfin magana.)

*

Kano
Ranar Talata

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna Kulsumu. Wasiƙarka ta same ni a ofis, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na kira Umma, ta ce min lafiya ƙalau, alhali ina jin hakinta a wayar.

Baffa, bari in yi maka bayani yadda za ka kama. Babbar kwamfuta rumbu ce, tana ƙetaren ruwa. Ta gaban Abdulhadi tana wannan gaɓar. Tsakaninsu akwai abin da muke kira manhaja, ka ɗauke ta kamar jirgin fito: ita ke kai kaya, ita ke kawowa. An sake wannan jirgi sau uku.

Zubi na farko, na shekarar kusufi, ƙarami ne. Suna da lambar fili kawai yake ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, kuma in layi ya yanke a tsakiya kayan sun nutse, sai an sake. Ba ya tambayar komai. Ko sunan jaki aka ba shi zai kai.

Zubi na biyu, na zamanin Sharif, ya fi shi. In layi ya yanke yana riƙe kaya har ya dawo. Kuma an yi masa wani gurbi a ƙasa, na ƙarin bayani, inda akawu zai rubuta abin da ya ga dama.

Zubi na uku shi ne namu na bana. Yana da sauri, yana ɗaukar hoto da zanen yatsa, kuma yana gwama sunaye. In ya ga suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, gari ɗaya, sai ya ce mutum ɗaya ne, ya haɗe su. An yi haka ne saboda masu rubuta sunayen bogi su kwashe filaye da taki. Amma ba ya ɗauko wancan gurbi na ƙarin bayani. An ce yawancin abin da ke ciki shirme ne, yana jawo nauyi.

Yanzu ga abin da nake jin nauyin rubutawa. Ni na gwada zubi na uku kafin a sake shi. Ni na sa hannu. Ranar da ya tsamo sunayen bogi sama da ɗari huɗu har tafi aka yi min. Kuma na ga Malam Marke da idona, tara a jere, Baffa, har dariya na yi. Na ce wa abokan aikina ko ɓarawo ai ya kamata ya riƙa canza suna. Ban taɓa sanin haka aka rubuta Abba ba. Da kuɗin albasar filin nan aka kai ni makaranta, ni kuma na zo na danna masa maɓalli.

Ba ni da ikon shiga rumbun in canza komai, kuma ba a yi mata magana yadda kake nufi. Amma abin da aka taɓa kaiwa rumbu ba ya ɓata, ko da sabon jirgi ba ya ɗauko shi. In da gaske an rubuta sunayen a zamanin Sharif, suna nan. An ce min akwai wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin ajiya a Bebeji da har yanzu zubi na biyu ke kanta. Zan nemi izini in je. Ka gaya min daidai abin da kuka yi da Sharif, kada ka rage komai.

Ka yafe min. Ka ce wa Umma ta daina ɗaukar bokitin nan.

'Yarka,
Badiyya

*

Ofishin Noman Rani, Tudun Wada
Ranar Laraba

Zuwa ga Malam Rufa'i Mujitaba, Sabon Marke.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Dangane da ƙorafin da ka kawo, na tura shi sama kuma an ba da amsa kamar haka. Ba za a ɗage ranar rabon filaye ba. Ba a karɓar shaidar wanda yake neman fili a kan filin da yake nema, ko ta iyalinsa. Abin da ake karɓa shi ne rubutaccen bayani da ke cikin rumbun tun kafin bana, ko shaidar mutumin da hannunsa ke kan asalin takardar tashin gari. Za a rufe karɓar shaida ranar Laraba, jajibirin rabo, da ƙarfe huɗu.

Baba, wannan layin ba na ofis ba ne. Mutum ɗari da wani abu ne suka rubuta suna suna jiran filayen nan, wasu ma daga Ɗansoshiya. Kullum suna ƙofata. Don Allah a yi sauri.

Naka,
Abdulhadi, Akawu

*

Sabon Marke
Ranar Juma'a

'Yata Badiyya,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ki. Maganar yafiya ki bar ta, ba ke kika ce wa mata su sunkuyar da kai ba. Ga takardar Abdulhadi na haɗo miki. Innarki ta karanta min ita, ta tsallake layin farko mai ɗauke da sunana, ta ce wai tawada ta dushe a wajen.

Kin ce kada in rage komai. To ga shi.

Sharif yaron kirki ne, ɗan Kiru. Da aka kawo jirginku na biyu, shi ya lura, ya aiko aka kira ni, don ya san ni ne ke riƙe da lissafin gidaje. Kwana uku na yi ina zuwa ofishinsa. Kowane fili na ba shi labarinsa yadda ya kamata a ba da shi. Na fara da inda gidan yake a tsohon gari, gabas da rijiya ne ko bayan maƙera. Na faɗi wanda ya kafa gidan, da wanda ya haifa, da wanda shi ma ya haifa, har na sauko kan mai filin na yanzu. Ba a fara ambaton yaro kafin kakansa. Sharif yana ta bugawa har ya ce yatsunsa sun sage. Ya karanta min, ban ji kuskure ko ɗaya ba. Ya ce, "Baba, kai ma ai rumbu ne." Na ce, "Ni ba a ɗauke min wuta."

Akwai abu ɗaya. A rana ta uku ya fito da wata takarda ya ce, "Baba, wannan da muka rubuta a ƙasa yake. In kana so a canza sunan da ke sama, a cire Malam Marke gaba ɗaya, dangwala min yatsa a nan a matsayinka na dattijon gari, yau ɗin nan in gama." Na ce yatsana ba ya hawa takardar hukuma. Ya roƙe ni, har ya biyo ni bakin titi da tawadar a hannu. Na ce abin da aka rubuta ya isa. Kowa a garin nan ya san ban da katin zaɓe, ban da na ɗan ƙasa, ban da na asibiti. Ina da dalilina.

Kada ki ce komai a kan wannan. Innarki ta riga ta faɗa, tun jiya take faɗa.

Irin albasar gidaje uku ya fara kwanciya. Na buɗe magudanata na ce kowa ya ja ruwa daga filina, amma ruwan fili ɗaya ba ya shayar da tara. Zulaihat ta ce ba ta so. Yau a masallacin Juma'a na miƙa wa mutum biyu hannu suka yi kamar suna gyara hula.

Ki je Bebejin nan. Sunayen suna ciki, da kunnena na ji an karanta.

Allah ya tsare hanya.

Baffanki

*

Kano
Ranar Laraba

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Jiya na dawo daga Bebeji. Kwana biyu muka yi kafin tsohuwar kwamfutar ta yarda ta tashi, ɓeraye sun ci wayoyinta. Ta tashi, ta isa rumbun, ta ɗauko gurbin ƙarin bayani na duka taran.

Ban san yadda zan faɗa maka ba, don haka zan kwafe maka na filin Abba yadda yake:

"Wannan fili na zuriyar gidan da ke gabas da rijiya ne, gidan Ɗantani da ya sari gari, wanda ya haifi Abdulmumini, wanda ya hai"

Nan ya tsaya. Duka taran haka suke. Kwamfutar Sharif ta karɓi duk abin da ka faɗa, shi ya sa ya karanta maka daidai. Amma jirgi na biyu haruffa ɗari da ashirin kawai yake iya ɗauka daga wannan gurbi. Sauran yana yanke su ya zubar, ba ya kuma gaya wa kowa. A zubi na uku an gyara wannan, yanzu da zai yi gargaɗi. Sharif bai sani ba, kai ba ka sani ba. Ita kuma kwamfutar tasa an daɗe da gwanjonta. Rumbun yana da rijiya, yana da maƙera, yana da kakannin kakanni. Babu sunan mai fili ko ɗaya.

Na zauna a ƙasan ɗakin ajiyar na yi kuka har mai gadi ya leƙo.

Saura hanya ta biyun da Abdulhadi ya faɗa. Zubi na uku yana da abin da na baya ba su da shi, yana iya warware sunayen da ya haɗe, cikin minti biyar, in an sami shaidar da doka ta yarda da ita. Na nemo hoton asalin takardar tashin gari. Gidaje tara ne a jere, kuma a ƙasa an rubuta "Mai Unguwa Mujitaba", da yatsa ɗaya. Na Kaka. Yatsan ya fito raɗau har yau, da wani farin layi da ya raba shi a karkace kamar tabon yanka. Na daɗe ina kallonsa, don ban taɓa ganin komai nasa ba. Amma Kaka ya rasu tun ba a haife ni ba, kuma babu hannun kowa a takardar sai nasa.

Na roƙi shugabanmu ya rubuta a ɗage ranar. Ya ce in an buɗe wa tara, ɗari huɗun ma za su zo da nasu labarin. Ban san abin da ya rage ba, Baffa. Na ce wa Umma ta dawo wajena, ta ce ita ba kaya ba ce.

'Yarka,
Badiyya

*

Sabon Marke
Ranar Juma'a

Badiyya,

Wa alaikumus salam. Mun ga takarda.

Jirgin da zai zubar da kaya a tsakiyar ruwa bai faɗa ba, a garinmu da an fasa shi an yi makamashi. Ku kuma kuna ba shi lamba, na ɗaya, na biyu. Kwana uku ina magana ashe da bango nake yi.

Ki koma ki duba da kyau. Ki nemo Sharif, an ce yana Doguwa. Ki nemo wanda ya sayi kwamfutar tasa. Ki gaya wa shugaban naku ya zo ya ga albasa da idonsa. Waccan tsohuwar takardar kuma ki rabu da ita, ba ta da amfani, wanda ya mutu ya mutu.

Ba ni da abin da zan ƙara.

Baffanki

(Badiyya, ya fita, ni ce. Tun da na karanta masa wajen farin layin nan bai ci komai ba, ya ce min ma in sake karantawa, sannan ya ce in daina. Shekara hamsin ina zuba wa hannun nan ruwa. Na san babban yatsan da wuƙar gyaran kifi ta raba a karkace tun yana saurayi. Surukina kuwa, Allah ya jiƙansa, hannunsa sumul yake, bai taɓa kamun kifi ba. Ban ce masa komai ba. Ba ni zan faɗa ba, ba ke za ki faɗa ba. Amma ki aiko da hoton.)

*

Kano
Ranar Lahadi

Baffa,

Assalamu alaikum. Na sami Sharif a waya, ya tuna ka, ya ce a gaishe ka. Ba shi da komai a rubuce. Wanda ya sayi kwamfutar ba a san shi ba.

Ga hoton takardar na sa a ciki, na sa an faɗaɗa wajen yatsan. Ba don komai ba, na ga ya kamata ya zauna a gida.

Na tambayi lauyan ofis, a matsayin tambaya kawai. Ya ce doka hannu ta ce, ba suna ba. In mai hannun yana da rai, ya zo ya ɗora yatsa a na'ura, a gwada da na takarda, ya lissafa gidajen da bakinsa.

Ranar Laraba zan kasance a Tudun Wada tun safe, ko wani ya zo ko bai zo ba.

'Yarka,
Badiyya

*

Sabon Marke
Ranar Litinin

'Yata,

Assalamu alaikum. Ke da Innarki kun iya shiru mai ƙara. Na ga hoton. Na ce mata ta rubuta wannan ba tare da ta ɗago kai ta kalle ni ba.

Lokacin da ma'aikata suka zo da takardar, kakanki ya ce ba zai sa hannu ba. Ya ce kabarin ubansa yana nan, ruwa ya zo ya same shi. Sau uku suna zuwa. A na ukun babbansu ya ja ni gefe, ina da shekara ashirin da huɗu, ya ce, "Samari, ruwan nan zai zo ko an sa hannu ko ba a sa ba. Amma garin da ba ya cikin takarda ba shi da wuri a sabon mazauni, ba shi da fili. Gobe muke rufewa." Na karɓi takardar na zaga bayan rumbunmu. Na dangwala. Na kawo masa, ya ga tawada a hannuna, ya kau da kai.

Da labari ya fita cewa an sa hannu, gari ya ɗauka Mai Unguwa ne ya lallaɓa ya sallama su bayan ya gama cika baki. Aka daina gaishe shi. Aka daina kawo masa shari'a. A sabon gari ya zauna a zaure shekara biyu, babu mai shigowa. Ya sani. Ranar da abin ya faru ya kama hannuna ya duba, ya ɗebo toka ya goge min yatsan da kansa, ya ce, "Kai za ka zauna da su, ni na kusa tafiya. Ka rufe bakinka." Na rufe. Ranar jana'izarsa sahu biyu ne, na biyun ma bai cika ba.

Tun daga ranar yatsan nan bai sake taɓa tawada ba. Mutane suna cewa taurin kai ne, na bar su. Lissafin gidajen da nake riƙewa, da kike ganin baiwa ce, ba baiwa ba ce. Kullum sai na bi garin nan gida gida a kaina, don ni na sa hannu aka rufe shi.

In na je Tudun Wada, kafin la'asar kowa ya ji. Za su ce shekara hamsin ina cin girman da na bar ubana ya mutu babu shi. Kuma gaskiya za su faɗa. Shi kuma ya ce in rufe bakina, ban taɓa saɓa masa ba sai sau ɗaya, a bayan rumbu.

Ɗazu na ga Ummanki ta faɗi da bokiti a kan kunyar gona. Ta tashi ta karkaɗe zane ta koma tafki.

Ban ce zan zo ba. Ki yi min addu'a.

Baffanki

*

Sabon Marke
Ranar Talata

Badiyya,

Assalamu alaikum. Mas'ud yana jira, gajeruwa ce.

Ban yarda su ji daga bakin akawu ba. Yau bayan la'asar na miƙe a masallaci na ɗaga yatsan na faɗa musu. Wasu sun fita ba su kalle ni ba. Can Liman ya ce, "Allah ya jiƙan Mai Unguwa." Aka ce amin. Badiyya, tun da muka binne shi ban taɓa jin an amsa masa amin da ƙarfi haka ba. Zulaihat ta ji daga bayan katanga. Ta aiko a tambaya ko har yanzu magudanata a buɗe take.

Na sa Innarki ta rubuta sunayen tara a takarda daban, wannan karon daga mai rai zuwa sama, in jirginku zai yanke ya yanke kakanni, su sun gama da fili. Ta rubuta takwas. A na taran, da yake sunana ne, ta ajiye biro ta ce a kira wani. Na ce babu wani, ni na yi nawa, ita ma ta yi nata.

Ban sani ba ko na'urarku za ta gane yatsan tsoho da igiyar komar kamun kifi ta cinye. Tabon dai yana nan. Gobe da safe in na idar da asuba zan wanke hannu da toka, in sa farar rigar kakanki, in shiga motar farko. Ki ce wa Abdulhadi ya buɗe da wuri. In ta ƙi karɓa zan sake ɗorawa, in ta sake ƙi in sake, har ƙarfe huɗu.

Ni ne Baffanki,
Rufa'i